Takardar da Baba Ya Ba da Aro

A gidanmu na Dukawuya muna da tsani, muna da tukunyar biki, muna da tabarmi masu yawa, amma da wuya ka shigo ka tarar da su. Tun da na yi wayo kayan gidanmu a yawo na san su. Tukunyar ta fi ni sanin lungunan unguwa, domin babu suna ko walimar da ba ta halarta ba. Baba bai taɓa aikawa a karɓo abin da ya ba da aro ba. Idan mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta fara mita, sai ya ce, “Ƙyale shi, abin aro ya san hanyar gidansu.” Ni kuwa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ko ludayi na ba da aro sai na ji ranar da zai dawo.

Shekara arba'in Baba ya yi yana sayar da yadi a kasuwa, kuma da abu ɗaya aka san shi: yana karɓar kayan da aka dawo da su. Mace ta sayi atamfa, ta je gida ta ga zane ya zuba a gefe, ta dawo tana rarraba ido, sai ya karɓa ya miƙa mata kuɗinta kafin ta gama bayani. Yakan ce malamai sun ba mai saye zaɓi idan ya ga aibi, shi wane ne da zai hana. Bai tara dukiya ba. Sunan nan dai shi ya tara, kuma yana ji da shi yadda wasu ke ji da gidajen haya.

Da ya bar kasuwa sai ya koma wa littattafan kakansa, wanda ya zo Kano da ayari ta hamada. Rubutun hannu ne irin na Magariba, warƙa-warƙa a cikin gafaka ta fata, tawadar ta koma ja saboda tsufa. Ana cikin haka ido ya fara ba shi matsala. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. A hankali karatu ya gagara.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ina koyarwa a wata sakandare ta 'yan mata a Gwale, aure kuma ya kai ni Ƙofar Dawanau. Kowace Asabar nakan zo in karanta masa. Larabcina na Islamiyya ne, na lallaɓa-ka-wuce, shi kuwa kunnensa ba ya barin kuskure ya gifta. Ba na yin layi biyu sai na ji, “Uwata, koma baya.” In koma, in sake faɗawa ramin da na fito. Wata rana shafi ɗaya muke yi daga hantsi har azahar, in tashi da ciwon kai, ga wanki da girki suna jirana a gida.

Don haka ranar da na ga tallar wata manhaja ta kwamfuta, wadda za ka ɗauki hoton shafi ta karanta maka shi da murya, sai na ji kamar an yi mini bushara. Tallar ta ce tana karanta kowane littafin Larabci. Ta kuma ce wanda bai gamsu ba cikin kwana talatin, a mayar masa da kuɗinsa. Na gaya wa kowa don Baba na saya. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Ina son Asabar ɗina ta dawo hannuna.

Na biya da katina, amma wurin suna sai na rubuta na Baba, don in ce masa tasa ce. Wani dogon shafi na sharuɗɗa ya fito da Turanci, ƙananan haruffa kamar ƙwan kifi. Na ja shi ƙasa da sauri na danna inda aka ce na yarda, kamar yadda kowa ke yi. Suka turo wata doguwar lamba da ake buɗe manhajar da ita. Na kwafe ta a 'yar takarda, na sa a gafakar Baba don kada ta ɓata.

A zaure muka gwada, a tsohuwar kwamfutata. Na fara da littafi bugun zamani. Murya ta fito tangaran, ta namiji, ba gargada ba tuntuɓe. Har maƙwabcinmu, shugaban Islamiyyar da ke jikin gidanmu, wanda kowa ke kira Malam, ya leƙo ya zauna yana gyaɗa kai. Sannan na ɗauki hoton warƙa ɗaya daga littafin kaka. Muryar ta yi shiru, ta furta wasu kalmomi biyu da babu su a kowane harshe, ta sake yin shiru. Na canza shafi, na kai shi hasken ƙofa, na goge gilashin waya. Duk kanwar ja ce.

Baba ya yi murmushi ya ce, “Uwata, wannan malamin naki muryarsa ta yi daɗi, amma da ji ka san bai yi makarantar allo ba.”

Ni ban yi dariya ba. Na ce ai sun ce kowane littafi, don haka mayar musu zan yi su ba ni kuɗina. Baba ya ce wannan haƙƙina ne, babu ko tantama. Sai dai lokacin jarrabawa ne a makaranta, takardun ɗalibai suka binne ni, ban samu zama na rubuta wa kamfanin ba sai da aka yi mako uku. Ban damu ba tunda kwanakin ba su cika ba.

Amsarsu ta zo bayan kwana biyu, ina ofishin malamai. Sun ce ba za su mayar da ko sisi ba. Lambar, in ji su, ta kwamfuta ɗaya ce, amma sun ga an buɗe manhajar da ita a kwamfuta huɗu bayan ta farko. Suka ambaci sunan Baba cikakke, suka ce abin da ya aikata amfani ne da kayansu ba bisa ƙa'ida ba, suka kuma yi amfani da wata kalma wadda duk yadda na juya ta a Hausa ba ta fita daga sata ba. Na karanta sau uku. Na buga wasiƙar a takarda, na tashi ban ko sallami kowa ba.

Na sami Baba a zaure yana jan carbi. Ko gaisuwar kirki ban gama ba na ce, “Baba, takardar nan da na sa a gafaka, wani ya taɓa ta?”

Ya ce, “Malam ya ara. Ya ce za ta yi wa ɗalibansa amfani tunda littattafansu bugu ne. Ai ya dawo da ita tun washegari.” Ya faɗi haka da jin daɗi, irin na wanda aronsa ya dawo da wuri.

Me zan ce? A wurinsa takardar nan da tsani duk ɗaya ne: abu ne namu, mun biya, ba ma amfani da shi, maƙwabci yana bukata. Ya tambaye ni ko mutanen sun amsa. Na dubi fuskarsa, na dubi farin gemunsa, sai na ji bakina yana cewa, “Sun ce a ƙara haƙuri, suna dubawa.” Ya ce madalla. Na shiga cikin gida na sha ruwa, na fito na tafi, na manta wasiƙar a kan buzunsa.

A gida na shirya yaƙi. Maigidana ya ce akwai hukumar da ake kai ƙarar irin wannan, kuma doka tana bayan wanda aka sayar wa abin da bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Na tsara abin da zan rubuta: ban san yadda lambar ta fita ba, wataƙila daga wurinsu aka sace, su je su binciki kansu. Har na ji daɗin yadda jimlolin suka zauna.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Washegari da la'asar Baba ya sa aka kira ni a waya. Na tarar da shi zaune, Malam yana gefe ya sunkuyar da kai, wasiƙar tana kan gwiwar Baba. Ashe ya lalubo ta a kan buzu, ya ɗauka takardar asibiti ce, ya ba Malam ya karanta masa. Malam kuwa ya fassara ta kalma bayan kalma, har ya kai inda ba ya iya komawa baya.

Baba ya ce, “Uwata, sata suka ce na yi?”

Na ce, “Baba, ba su san ka ba ne. Haka suke rubuta wa kowa.”

“Ban tambaye ki kowa ba. Sunana ne a ciki ko ba sunana ba?”

Na ce sunansa ne. Bai yi mini faɗa a kan ƙaryar jiya ba, ko ambatonta bai yi ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi. Ya ce in buɗe sharuɗɗan cinikin in karanta masa tun daga farko. Na ce suna da tsawo. Ya ce ba inda za shi. Na nemo shafin da na tsallake ranar saye, na fara fassarawa. Mun fi awa ɗaya. A wurin da aka yi maganar mayar da kuɗi ya gyaɗa kai. Da na zo inda aka ce mai saye bai mallaki manhajar ba, izinin amfani kawai aka ba shi, a kwamfuta ɗaya, kuma ba zai ba wani ba, sai ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Kin ce kin yarda da wannan?”

“Na danna dai, Baba.”

“Da sunana.”

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, “Ashe haya muka kama, ba saye muka yi ba. Ɗan haya kuwa ba ya ba da aron ɗaki. Mutanen nan suna da haƙƙi a kanmu.”

Raina ya ɓaci. Na ce su fa, da suka ce kowane littafi? Na ce akwai hukuma, akwai doka, kuma ba dole ba ne mu ce mu muka ba da lambar. Ya juyo da fuskarsa inda muryata take.

“Hukuma tana nan, ba ta gudu ba. Haƙƙinki ma yana nan, kayansu da aibi, ni shaida ne. Amma in kin je rabin magana za ki faɗa? Yanzu sun kira ni ɓarawo ban san na yi ba. In kika rubuta abin da kike nufi, kin ba su gaskiya.”

Malam ya yi ta ba da haƙuri. Ya ce shi ne ya kwafi lambar ya ba mai kemis na bakin titi, mai kemis ya ba wani mai shagon buga takardu, shi Malam kuma ya sa wa Alhaji a kwamfutar gidansu. Alhajin nan aminin Baba ne tun suna samari, rumfarsu ɗaya a kasuwa, kuma idonsa ya riga na Baba tafiya, ya rufe gaba ɗaya.

Baba ya ce, “Gobe za mu je mu karɓo.”

Na ce ai saƙo ya isa, ko ni in je. Ya ce shi ya bayar, shi zai karɓo.

Ban taɓa ganin Baba ya yi tafiya mai nauyin ta wannan safiya ba, alhali duka gidajen ba su wuce kiran salla ɗaya ya game su ba. Ya sa farar riga, ya ɗauki sanda, ina gefensa. A Islamiyya ba a sha wahala ba, Malam ya riga ya goge tasa. Mai shagon buga takardu ya yi dariya ya ce ko buɗe ta bai sake yi ba, ya ba ni kujera na cire ta da hannuna. Mai kemis ne ya haɗe rai. Ya ce shi bai ga abin da ya ragu a jikin kowa ba, abu ne da ba ya ƙarewa, in dai ba rowa ba mene ne na tattaki. Baba ya tsaya a gaban kantar shagon, mutumin da bai taɓa cewa a dawo masa da ko allura ba, yana ba da haƙuri kamar shi ya ci bashi. Na ji kamar in fasa kwalaben shagon. Na danne, na goge manhajar, muka fito.

Gidan Alhaji muka bari ƙarshe. Tun daga soro muka jiyo muryar nan tangaran tana karatu. Yana zaune a kan darduma, ya karkata kai wajen kwamfutar, leɓensa yana bin karatun. Da ya ji sallamar Baba sai fuskarsa ta washe.

Ya ce wa Baba, “Allah ya saka maka. Rabona da in ji littafin nan daga farko har ƙarshe tun ina gani. Yanzu kullum da hantsi sai mun yi babi guda ni da shi, ba ya gajiya, ba ya cewa yana da uzuri.”

Baba ya zauna. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi zancen ciwon ƙafa, suka yi zancen wani abokinsu da ya rasu. Na ga Baba yana kewaye-kewaye, abin da ba halinsa ba. Can dai ya ce, “Alhaji, na zo karɓar aron nan ne. Ashe ba nawa ba ne na bayar.” Ya yi masa bayani duka, har kalmar da aka kira shi da ita.

Alhaji ya lalubo kwamfutar ya turo ta wajena ya ce, “'Yata, cire. Ba za a zagi ubanki a kan kunnena ba.” Ina cirewa hawaye yana ɗiga a kan madannan, na gode Allah da babu mai gani a cikinsu.

Da yammacin ranar muna zaune sai ga mai kemis da kansa, ɗauke da tsaninmu da ya shekara biyu a gidansa. Ya jingina shi a zaure, ya ce an gode, ya juya. Baba ya miƙa hannu ya shafa ƙafar tsanin. Na ga abin ya soke shi fiye da wasiƙar.

Baba ne ya yi mini shiftar amsar da za a tura wa kamfanin, ni ina mayarwa Turanci. Ya fara da gaisuwa, ya tambayi lafiyarsu da ta iyalansu. Na so in tsallake, amma na riga na ci rabona na tsallake-tsallake, sai na rubuta. Ya ce shi tsohon ɗan kasuwa ne, ya ba da lambar aro da hannunsa bisa al'adar unguwarsu, bai san sharaɗin ba, amma rashin sanin laifin gidansa ne ba nasu ba. Ya ce ya bi gida-gida ya karɓo, in suna da wani haƙƙi na kwanakin da aka yi amfani da ita su faɗa ya biya. Sannan ya ce kayansu ba su yi abin da suka ce za su yi ba, ga hoton shafin kakansa su gwada da kansu, in sun ga haka ne su karɓi kayansu kamar yadda suka yi alkawari. Ya rufe da cewa kuɗin na 'yarsa ne, ita ta san yadda za ta yi da su, amma kalmar nan tasa ce, yana roƙon su janye ta.

Kwana tara muna jira. Kullum in na kira shi, kafin ya tambayi jikokinsa sai ya ce, “Sun amsa?” Ya rage fita majalisa. Ya ce wai ƙafa ce.

Amsar da ta zo ba irin ta farko ba ce, da gani mutum ne ya zauna ya rubuta. Ya ce sun duba sun ga an cire manhajar a sauran kwamfutocin. Ya ce sun gwada shafin, gaskiya ne ba ta karanta irin wannan rubutu, kuma bai kamata tallarsu ta ce kowane littafi ba, don haka za su mayar da kuɗin. A ƙarshe ya ce kalmar da aka yi amfani da ita ba ta dace da shi ba, sun janye ta, suna ba shi haƙuri. Har ya amsa gaisuwar, ya ce iyalinsa suna lafiya.

Na buga ta a takarda, na hau adaidaita, na iso da murnata. Na zauna a gabansa na fassara masa tun daga gaisuwa har sa hannu, ban ƙara ba ban rage ba. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, “Leƙa ki ga ko Malam yana nan, ya zo ya karanta mini.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Ban yi musu ba, don ni na saya wa kaina. Na je na kira Malam, na koma gefe na zauna, ina jin wani yana maimaita abin da na gama faɗa yanzun nan. Da ya kai ƙarshe Baba ya numfasa ya ce, “Haka ta faɗa.” Ya karɓi takardar ya ninke ta biyu, ya sa ta a gafaka tare da littattafan kakansa.

Da kuɗin suka dawo na sake sayen manhajar da sunan Alhaji, wannan karon na karanta masa sharuɗɗan har ƙarshe kafin in danna, yana ta cewa ya isa haka. Mai kemis bai ƙara aron komai a gidanmu ba, tsanin yana nan a zaure inda ya jingina shi.

Asabar ta zagayo na zo da hantsi kamar da. Na ciro warƙar da muka tsaya a kanta, na gyara zama, na fara. Ban yi layi biyu ba ya ce, “Uwata, koma baya.” Na koma.